Ba Zan Hau Gadar Ba

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar nan da ta sa ni gaba. Tela maƙwabcina ne ke rubuta min, na kuwa gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Saƙonka ya iso. Wai ƙasarmu da taku sun shirya, za a buɗe gadar kan iyaka, ana neman tsofaffi biyu 'yan'uwa su rungumi juna a tsakiyarta a ɗauke su hoto, kai kuma har ka ba da sunana. Wa ya aike ka?

Ni ban yi boko ba, amma ban manta komai ba. Muna samari shugabanni suka yi musabaha a kan gadar nan, rediyo na cewa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Lokacin ka haye, ka buɗe shagon walda, ka yi aure. Da suka ɓata kan ruwan kogi, aka kori jakadu, aka gitta waya mai ƙaya, rediyon nan dai ya koma kiran ku ɓarayi. Suka sake shiryawa, aka kwashe waya, motoci na ta kai da komo. A wannan shirin ne Inna ta kwanta ciwo. Ta sa muka juya mata gado ya fuskanci ƙofa, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗago kai. Na aika maka direban motar gishiri, ka ce aiki ya yi yawa, sai bayan damina. Bayan damina suka sake ɓatawa, Inna ta rasu gada na rufe. Har yau ina jin labarin kana gaya wa mutane gwamnati ce ta raba ka da uwarka. Jana'iza gwamnati ta hana ka, Dogo. Jinya kai ka hana kanka.

To, ka ce wa masu hoton su nemi wani tsohon. Ba za a wanke ka da fuskata a gaban duniya ba. In ganina kake so, ka san gidan. Ka zo kai kaɗai, ka zauna a ɗakin Inna, in faɗa maka sauran da tela ya ƙi rubutawa. Kuma ka hanzarta, don mutanen nan ba sa daɗewa a shirye, ni ma ba yaro ba ne.

Ka gaida mai ɗakinka da Auta da jikoki, su ba ruwansu. Yayarka ta ce in gaishe ka. Na dai isar.

Ni ne yayanka, wanda bai sa hannu a sulhun kowa ba.