Takardata Fes, Ba Layi Ko Ɗaya

Yaya, roƙona ɗaya: ki riƙa kirana bayan la'asar kina sauraron karatun 'yarki, zan tura miki hoton shafin. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Mu lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai makarantar nan! Malamarsu ta je kwas ta dawo da agogo. Yaro ya yi karatu minti ɗaya, tana ƙirga kalmomi. Ta kuma ba mu takarda, wai uwa ta saurara a gida, ta ja layi inda aka yi kuskure. Ni da ban taɓa shiga aji ba, ina zan gane kuskure? Yarinya ta buɗe littafi tana ta zuba, ni ina ta madalla. Ashe hotuna take kallo tana ƙaga labari! A aji kalma tara ta iya.

Yanzu malama na nemana ranar Litinin, wai za a mayar da ita ajin baya. Me zan ce mata?

Allah ya bar zumunci. Babanta bai sani ba. Maƙwabciyata mai rubuta min wannan kaɗai na gaya wa, sai ke.