Jijiya ce, amma ba ta mai ɗori ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma duk wanda ya san "ki yi haƙuri" kawai zai rubuta ya riƙe abinsa, na ƙoshi da ita.

Ni haifaffiyar Agege ce, maigidana kuma daga Arewa ya zo, yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 tare da yayansa. Kwanakin baya wani danfo, bas ɗin hayan nan na Legas, yana ribas ya matse masa gwiwa da jikin tirela. Gwiwar ta goce, mutanen kasuwa suka ja ta, ta koma, aka kawo min shi gida. Ina taɓa tafin ƙafar na ji shi sanyi ƙalau kamar fiyawata daga firij, ɗayar kuwa da ɗuminta, kuma ya ce ba ya jin yatsunsa. Na tayar wa kowa hankali sai da aka tafi asibiti.

An yi hoto babu karaya, yayan har ya miƙe wai mu tafi gida. Likita ya ce a dakata. Ya danna bayan ƙafar bai ji bugun jini ba, ya ɗora wata 'yar na'ura, ƙafa mai lafiya tana shuu shuu, ɗayar tsit. Aka sake hoto na hanyoyin jini, sai ga shi babbar jijiyar bayan gwiwa, wadda ke kai jini ƙasa, ta yage ta toshe. Ya ce in aka ɓata lokaci ƙafar mutuwa za ta yi, sai yankewa.

A nan masifa ta fara. Wata nas mai guntuwar Hausa ta ce wa yayan jijiya ce. Shi ke nan fa, mutumin nan ya kafe, wai jijiya ai aikin mai ɗori ne, a garinsu ja ake yi a shafa mai a ɗaure. Na yi bayani har muryata ta dushe, cewa mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, ta targaɗe daban, ta jini daban. Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce wai ni 'yar Legas ce zan koya masa Hausa. Yana fita neman mai ɗorin, sai maigidan ya ce a yi aikin, na sa hannu, kuma wallahi ko yau aka maimaita sai na sa.

Sun ciro wata jijiya daga cinyar ƙafa mai lafiya suka dasa a bayan gwiwar, suka tsaga sharaɓarsa gefe biyu saboda kumburi, suka kafa ƙarafa suka riƙe gwiwar. Jini ya dawo, ƙafa ta yi ɗumi. Maimakon godiya, yayan yana ganin bandeji a ƙafa mai lafiya ya buga waya gida, wai an kawo ƙaninsa da ciwo a ƙafa ɗaya na sa an yanka biyu, wai da Yarbanci na haɗa baki da likitoci don kada ya ji. Tun ranar surukata ba ta fasa turo min saƙon murya na zagi ba.

Yanzu yayan ya gama magana da direban motar da ta sauke albasa, ranar Asabar za ta koma Arewa. Zai fitar da maigidan daga asibiti a kai shi ƙauye, a cire ƙarafan a ja gwiwar. Na tambayi likita a kaikaice, ya ce ja ɗaya ya isa ya tsinke dashen. Na roƙi maigidan ya buɗe baki, sai ya juya fuska bango ya ce yaya zai yi da Inna, ta ce in bai zo ba ba ta yafe ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji. Yayan kuma ya aiko min cewa in na ƙara sa baki, da takardata zan koma gidanmu.

To 'yan uwa, in fito fili in faɗa wa likitocin shirin, in tara dattawan unguwa a kansa, ko da auren zai mutu? Ko in ja bakina in zuba ido a ɗora shi a bayan motar albasa? Kullum na shiga ɗakin, kafin in gaishe shi tafin ƙafar nan nake fara taɓawa. Yau ma da ɗuminsa. Asabar jibi ce, me zan yi?