Ni Ce Na Hana Ƙauyenmu Samun Wuta

Inna mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi dariya. Shekarata goma sha bakwai, kuma ni ce dalilin da ya sa ƙauyenmu bai samu wuta ba har yau. Daga ni sai Allah muka sani, yanzu kuma sai ke.

Bara wani kamfani ya kafa mana faifayen sola a bayan makaranta, ya ja waya gida-gida. Komai ya kammala, saura hukumar lantarki ta sa hannu a kunna. Ƙa'idarsu ita ce a ajiye akwatin koke a ƙofar mai gari. Duk takardar da aka jefa, dole jami'insu ya taso daga birnin Paraku ya bincika da kansa, kuma ba a ba da izini sai an rufe koke na ƙarshe.

To Inna, jami'in nan ne masifar. Mushe Boni, wato Malam Boni da Faransanci. Ranar da ya sauka daga babur ya cire hular kwano, wallahi kamar daga cikin littafin soyayyar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ya fito. Aka aike ni kai masa ruwa, ya ce ya gode, ya kira ni Bona. A wajenmu Bona sunan 'ya ta biyu ne, ni ta uku ce, amma ban gyara masa ba. Ya buɗe akwati ya tarar wayam, ya ce to shi ke nan, mako mai zuwa za a sa hannu, ba sai ya dawo ba.

Ba sai ya dawo ba! Shi ne na rubuta cewa ƙyallin faifayen yana hana zabi yin ƙwai. Ya dawo, ya wuni yana bin tsofaffi yana ƙirga ƙwai, ni ina leƙe ta ɓular zana. Na biyu na ce sandar wuta ta goma sha huɗu ta karkace. Ita ce a ƙofar gidanmu. Ya yi awa guda yana auna ta, na kasa fitowa, miya ta ƙone.

Na ukun ne ya ɓata komai. Na ce faifayen suna shanye rana, shi ya sa doyar da ake shanyawa ba ta bushewa. Inna, mata suka yarda! Uwata da kanta ta ce ita ma ta lura da haka tun kaka. Ungozomar asibitinmu kuwa, da ke jiran wuta don firjin allurai, ta ja wa marubucin Allah ya isa a gabana, na ce amin.

Yanzu kowa Baba Woru yake zargi, mai janareton cajin waya, wai tsoron rasa kasuwa yake. An daina gaishe shi, an daina sayen cukun matarsa. Ya rantse ko sunansa bai iya rubutawa ba, aka ce ai hayar marubuci ya ɗauka. Mushe Boni ya ce ranar kasuwa zai kawo takardun uku malamin makaranta ya duba rubutun, in ba a warware ba sai bayan damina, don hanya za ta yanke. Malamin nan kullum yana duba littafina. Kuma na shafa wa takardun turaren uwata.

Ko in jefa ta huɗu in janye sauran? Sai dai ita ma dole ya zo ya bincika ta, ki ga kuwa ba laifina ba ne.

Mai Leƙe Ta Ɓular Zana

AMSA

'Yata, na yi dariya, ki yafe mini. Amma ajiye alƙalamin nan, babu ta huɗu.

Bugun zuciya a shekarunki ba laifi ba ne, kuma yarinyar da ta sa gari guda ya yarda ana shanye rana ba ƙaramar kwanya gare ta ba. Sai dai akwatin nan an yi shi ne don ranar da waya za ta faɗo kan rufin wani. In kika mai da shi wasa, ranar da aka jefa koken gaskiya ba mai tasowa. Ga ungozoma tana jira, ga dattijo yana ɗauke da kayan da ba nasa ba.

Shi kuwa Mushe Boni, babban mutum ne da ya zo aikinsa, ko sunanki bai sani ba. Wanda aka sa ya sha ƙurar hanya don ƙirga ƙwan zabi, in ya gano mai shi, ba baitin soyayya zai rera mata ba. Bar shi a littafi.

Kada ki jira ranar kasuwa. Ina kyautata zaton malaminku ya riga ya gane, shiru kawai ya yi miki. Fara da uwarki, ki faɗa mata komai, har da zancen doyar. Ku je gidan Baba Woru tare, ki durƙusa ki nemi gafararsa da ta matarsa, sannan ku wuce wurin mai gari ki janye koke-koken nan uku da sunanki a rubuce. Dalilinki ba sai kin yi shelarsa ba, ki ce wauta ce, kuma ba ƙarya kika yi ba.

Za a yi miki waƙa a bakin rijiya, wataƙila har da laƙabi. Ki daure, kunyar mako biyu ce, ta fi a ce gari ya ƙara damina a duhu saboda ke. Labaran da ke cin ki kuma, sayi littafi ki zuba su ciki, da alama za su karantu.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya wanke Baba Woru, ya kuma sa ki samu uwarki a ƙoshe, hannunta nesa da muciya.

Innarku