Takabar Nagode

Birnin Tudu, Mayu 1980

Zuwa ga ƙanena Kofur Ɗanasabe, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki, yaya Hindu da yara? Mu nan sai godiyar Allah, tunda ita kaɗai ce ba a ƙone mana ba.

Ka san abin da ya same mu, ba sai rediyo ya gaya maka ba, don masu kaki irin naka ne suka yi. Ranar da manoma suka tare hanyar dam a kan gonakin da aka cinye musu, maigidana ya fita da su. Na ce masa, "Kai da ko akuya ta fi ka gardama, mi za ka yi can?" Ya ce, "Gonar ubana ta, Nagode. In ban tsaya ba, wa za shi tsaya mini?" Ya ɗaura tsohon takalminka na aiki, wanda ka ba shi bara har ya ɗinke bakinsa da jar waya, yana taƙama wai shi ma ya zama hukuma. Da hantsi muka ji harbi kamar ana tuyar gugguru. Motoci suka shigo gari, muka kwashi yara muka faɗa daji. Da muka dawo rumbunanmu sun zama toka, shi kuma har yau babu shi babu labarinsa.

Ga abin da ya hana ni sakat. Na je wurin Liman in shiga takaba, sai ya ce, "Ɗiyata, ba a takabar wanda ba a ga gawa tai ba. Kawo wanda yag gani da ido nai, shi hwaɗi gaban jama'a. In babu, matar ɓatacce kike, shekara huɗu za ki jira."

To ni yanzu mece ce? Ba na cikin matan aure, ba na cikin masu takaba. In na sa kwalli in ji kamar na ci amanarsa, in na bari in ji kamar da bakina na kashe shi. 'Yarmu Fatima kuwa kullum sai ta ɗebi tuwon babanta ta rufe da faifai.

Kai kana kusa da su. Ka bincika mini, ko a tsare yake, ko a asibiti, ko ina.

Ka gaida Hindu. Ka huta lafiya.
Yayarka, Nagode

Talata Mafara, Mayu 1980

Zuwa ga Yaya Nagode.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fata kina lafiya da ke da yara. Takardarki ta iso ni, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Na duba cikin waɗanda aka tsare, Malam Gajere ba ya cikinsu. Na je asibiti, ba ya cikin masu rauni. Ina so ki sani waɗanda suka yi wannan aiki daga wani wuri aka kawo su, mu na nan ba a ba mu harsashi ba. Manyanmu sun sanar da mu cewa mutanen da ba a gani ba tsoro ne ya kore su, wasu sun ƙetara Nijar, wasu sun yi kudu, kuma za su dawo idan ƙura ta lafa.

Shawarata ita ce ki bar maganar takaba tukuna. A yadda ake ciki, duk matar da ta shiga takaba ba a miƙa mata gawa ba, kamar ta tsaya a kasuwa ne ta ce hukuma ta yi kisa ta ɓoye. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, Yaya. Kina da yara, ni ma ina da su.

Na ba Ɗantala direba buhun gero ya kawo miki. Ki sa a gyara 'yar gonar da ta rage kafin ruwa ya sauka, kada ki tsaya jiran kowa. Malam Gajere mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba.

Allah ya ba mu haƙuri. Wassalam.
Ƙanenki, Kofur Ɗanasabe

Birnin Tudu, Yuni 1980

Zuwa ga Ɗanasabe.

Sallama da gaisuwa. Gero ya iso, Allah ya saka. Takardarka ma ta iso, na karanta har na rasa ko ƙanena ne ya rubuto ko mai shela.

Tun yaushe maigidana ya zama Malam a bakinka? Kai da ba ka taɓa kiran sunansa ba sai ka ƙara da dogon banza, shi kuma ya ce maka kofur mai gadin kaji. Shekara goma sha kuna wannan wasa. Yau ka ba shi girma haka, ka kuma ce kada in jira kowa. Gabana ya faɗi, Ɗanasabe.

Ban zauna ba. Na je Dakko, na je Tsibiri, na kai har Maradun da ƙafata, duk inda aka ce an ga wani dogo. A Bakura na bi wani mutum tun daga bakin kasuwa har masallaci, da ya juyo na ji kunya kamar in nutse.

Wani babbanku ya zo nan da mota, aka tara mu. Ya ce babu wanda ya mutu a garin nan sai waɗanda aka ba mu gawarsu. Inna Gimbiya, wadda ɗanta Manu ya ɓata rana ɗaya da maigidana, ta miƙe da sandarta ta ce, "Yallaɓai, ɗana ko Bakura ba shi zuwa bai yi mini sallama ba. Wace Nijar ta wagga da ba a dawowa ɗaukar hula?" Sai ya shige motarsa. Wa za mu kai wa ƙara? Wanda ya yi harbin shi ne mai karɓar ƙarar.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai A'isha matar Tukur, ko lallen aurenta bai gama fita ba. Mukan haɗu a rijiya, kowa na satar kallon idon 'yar'uwarta ta ga ko ta sa kwalli. Na gaji, wallahi na gaji. Ruwa ya sauka, na yi shuka ina waiwayen hanya.

In ka san wani abu, ka ji tsoron Allah.

Yayarka, Nagode

Talata Mafara, Yuli 1980

Zuwa ga Yaya Nagode.

Ina gaisuwa, ina yi miki barka da shan ruwa. Ni ce Hindu. Ƙanenki bai san na rubuto ba, ki rufa mini asiri.

Yaya, tun ranar abin nan mutumin nan ba daidai yake ba. Ya dawo da yamma kakinsa duk jini, ya ce mota aka sa su lodawa. Ba ya cin nama. Takardunki yana karantawa ya fita tsakar gida ya yi ta kai da komo.

Shekaranjiya ina shara na jawo wani buhu a ƙarƙashin gado. Takalmi ne a ciki, tsohon nan nasa, mai ɗinkin jar waya a baki. Na gane shi, don a ƙafar baban Fatima na gan shi da kuka zo suna. Na tambaye shi, sai ya ce, "Maida shi inda kinka gane shi. Kina son a ɗauke ni kamar yadda anka ɗauke su?"

Ina tsoro, Yaya. In ya yi magana aiki ya tafi, watakila har shi. Na kwana biyu ina cewa ba ruwana. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba zan iya kallonki da Salla ina murmushi ba.

Ki yafe mini. Ki gaida Fatima.
Ƙanwarki, Hindu

Birnin Tudu, Yuli 1980

Ɗanasabe, sallama.

Kada ka taɓa Hindu, ta fi ka zuciya.

Na so in zage ka, na ɗauki alƙalami sai na tuna bayana ne ya goya ka. Ba zan kai ka gaban Liman ba, ba zan ambaci sunanka a ko'ina ba. Ka riƙe aikinka, ka ciyar da 'ya'yanka.

Abu ɗaya nake roƙo, ka ba Ɗantala takalmin ya kawo mini. Liman ba zai karɓi shaidarsa ba, takalmi ba ya rantsuwa. Zan ci gaba da zama matar ɓatacce, in sa kwalli yadda hukuma ke so. Amma ni dai in daina bin dogayen mutane a kasuwa.

Ban taɓa faɗin sunansa ba tun da aka kai ni ɗakinsa. Yau zan rubuta: Gajere. Ina ka bar mini shi?

Allah ya tsare ka.
Nagode

Talata Mafara, Yuli 1980

Yaya, sallama.

Ba zan ba Ɗantala ba. Ni zan kawo.

Na gan shi. Tampol ɗin da aka rufa musu ya kasa masa, dogon banza, ƙafafunsa ne suka leƙo. A baya harsashin ya shige shi. Rami ɗaya aka zuba su, ba wanka ba salla. Na cire masa takalmin don kada a binne shi da shi, iyakar abin da na iya yi masa ke nan.

Ki gaya wa Liman ina zuwa ranar Juma'a, da kakina a jikina, zan faɗa bayan an sallame, kowa ya ji. Abin da zai biyo baya na bar wa Allah, ke kuma na bar miki Hindu da yara. Ki ce wa Inna Gimbiya da A'isha su zo kusa da masallaci, don ba shi kaɗai na gane ba.

Ki wanke kwallin, Yaya. Ki ce wa Fatima ta daina ajiye tuwon.

Ki yafe mini.
Ƙanenki, Ɗanasabe