Motar Toranke da Ake Ɗura wa Garin Kuka

Fanta Gana, Ungozoma,
Ɗakin Karɓar Haihuwa,
Toranke.
14 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga Mai Girma Jami'i
Mai Kula da Motocin Asibitocin Karkara,
Gaya.

Ranka ya daɗe,

Game da: Yoyon ruwan lagireto na motar ɗaukar marasa lafiya ta Toranke, da yadda ake duba ta

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban saba rubuta wa manya takarda ba, kuma ban san komai a kan inji ba. Abin da ya tilasta mini shi ne wata mace mai suna Hansai, matar Malam Bubayero na nan garin. Ta shiga watanta, kuma ɗan a gicciye yake kwance. Na yi iya abin da aka koya mini, ya ƙi juyawa. Haihuwar nan ba ta hannuna ba ce, sai babban asibiti, motar da za ta kai ta kuwa ba ta riƙe ruwa.

1. Tun watan Janairu motar take shanye ruwan lagireto. Direbanta, Malam Ɗantani, ba ya tashi sai da garwa cike a baya, har ta zama kamar ɗaya daga cikin ma'aikatanmu. In motar tana tsaye a inuwa, ko ɗigo ba za a gani a ƙasa ba. Sai an shiga rairayi, inji ya ɗau zafi, sannan allurar zafi ta haye, a ji wani huci daga gaba, tururi ya biyo baya.

2. Ranar Talata, 18 ga Maris, mun ɗauko Adama, wata mai naƙuda daga Gafasa. Bayan mun wuce Ajingi da rana tsaka, motar ta tafasa. Aka jira ta huce, aka juye garwar, muka ɗan taɓa tafiya, ta sake tafasa. Ruwan da na tanada don wanke hannuna da jariri, shi ma lagireton aka ba. Daga ƙarshe Malam Ɗantani ya tafi neman rijiya da ƙafa, ni kuma na karɓi haihuwa a bayan mota. Adama ta rayu. Ɗanta namiji ne, cikakke, bai zo da rai ba. Na san rai na Allah ne, ranka ya daɗe, amma ni na naɗe shi da ɗankwalina.

3. An duba motar sau biyu, ranar 20 ga Fabrairu da ranar 3 ga Afrilu, kuma duka biyun an rubuta cewa lafiyarta lau. Ba na zargin bakaniken da aka turo da ƙarya. Abin da ya gani shi ya rubuta. Ƙorafina a kan yadda ake dubawar ne. Ana aiko mana da ranar zuwa tun da wuri. Ana isowa da sanyin safiya, a buɗe murfin inji a gindin darbejiya, a tayar da mota tana tsaye, a leƙa ƙasa, a ga wayam, a sha fura a koma. Mace ma in aka duba ta ranar da ciwon bai motsa ba, lafiyayya za a rubuta.

4. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Washegarin dubawa ta biyu, ina tsaye Malam Ɗantani yana ƙara ruwa, sai na ga wani koren abu mai yauƙi a bakin lagireto. Na shinshina. Duk macen da ta taɓa kaɗa miya ta san wannan ƙamshi. Da na tsare shi da tambaya bai yi gardama ba. Ashe duk jajiberin dubawa sai ya zuba garin kuka a ciki, kukar ta kumbura ta toshe ramin, mota ta kwana biyu ba ta yoyo, sannan zafi ya wanke ta, a koma gidan jiya.

5. Ina roƙon kada a hukunta shi, domin ba shi kaɗai ya yanke wannan shawara ba. Dattawan gari ne suka roƙe shi, wasunsu ma daga gidajensu kukar take fitowa. Dalilinsu kuwa ba na wauta ba ne. Motarmu ta farko an ce tana da 'yar matsala, aka ja ta zuwa birni don gyara a shekarar 1971, har yau ko tayarta ba mu sake gani ba, kuma mun daɗe ba mota kafin a kawo wannan. Saboda haka mutanen Toranke sun gwammace mota mai tafasa a kan babu. Tsoron a raba su da ita ya sa suke ɓoye ciwonta ga mai maganin. Na san in labarin wannan takarda ya fito, akwai gidajen da za a daina amsa mini sallama. Na yarda.

6. Game da inda ramin yake, ban isa in ce ga shi ba. Malam Ɗantani yana zaton ɗinkin gindin lagireton ne ya buɗe, domin akwai layin jar tsatsa da ya bushe a wurin. Malam Kashim, mai gyaran injin niƙa a Ajingi, ya leƙa ya ce shi tiyon ruwa na ƙasan lagireton yake zargi, don ya yi laushi kusa da maɗaurinsa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, salansar motar ba ta fitar da farin hayaƙi, baƙin mai kuma bai gauraya da ruwa ba, don haka suna kyautata zaton ruwan ba cikin inji yake shiga ba. In haka ne, gyaran ba na a ɗauke mota shekara da shekaru ba ne.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma ya taimaka da waɗannan. A turo bakanike cikin wannan mako ba tare da an sanar da kowa ranar ba, har ni. A wanke lagireton tas a fitar da kukar, a cika da ruwa mai tsabta, a hau hanyar Ajingi da rana, a tsaya a duba sa'ad da inji yake huci. A zo da tiyo da kayan liƙi, a yi gyaran a nan Toranke a gaban idon mutane. In kuwa dole sai an tafi da ita, a bar mana wata a gurbinta ranar da aka ɗauke ta, ko da tsohuwa ce. Ranar da jama'a suka ga an gyara mota ba a ƙwace ta ba, ran nan ne garin kuka zai koma tukunyar miya.

In duk wannan ba zai yiwu ba, don Allah a rubuto mini a faɗa mini gaskiya da wuri. Malam Bubayero yana da shanun huɗa biyu da amalanke. Tafiyar mai tsawo ce, zafin ma ya kai, amma gara in ɗora Hansai a kai yanzu tana iya zama da kanta, in je in zauna da ita a ƙofar asibiti har ranar ta zo. Jiya ta tambaye ni ko motar ta warke, tun da ta ji an duba ta. Na ce mata ina jiran amsarka.

Allah ya ƙara girma, ya sa a karanta wannan a kan lokaci.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Fanta Gana,
Ungozoma, Toranke.