Salatin da Baba Yake Aiko Miki

Tama, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Gaisuwa mai yawa da so da kewa. Ina lahiyarki, ina nauyin jiki? Ki gaida maigidanki da mutanen Keita. Mu nan lahiya lau.

Yaya, kwandon da direba zai ba ki tare da wagga takarda, kada ki ci ko ganye ɗaya a ciki. Kin san takin da Baba yake sayowa sharet-sharet, wato amalanke-amalanke, daga jujin birni yana zubawa a garka? Bayan jujin nan ne masu gyara suke hwasa tsohin batiran mota. Malamin gona ya ɗebi ƙasarmu da salati da shu, wato kabeji, ya kai Yamai awo. Mushenmu na lakkol, malamin ajinmu, ya ce idan akwai dalmar batir a ganyen, ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta da muke wanke ganye da shi ba ya hidda ta, kuma ta hi cutar da mai juna biyu da abin da ke cikinta. Kunya nake ji da na rubuta miki haka, amma na rubuta.

Ban iya hana Baba cika kwandon ba. Ke ɗiyar hwari ce, ba ya kiran sunanki, ba ya tambayar ki. Salatin nan shi ne gaisuwarshi.

Ƙanwarki,
Biba

Tama, ranar Alhamis

Yayata ta kaina,

Ina gajiya, ina ƙarhin jiki? Allah ya sa kina barci da kyau.

Takardar awo ta zo, da Faransanci. Baba ya kira ni garka in karanta, ga maƙwabta huɗu tsaye. Ni da in an yi baƙo nake ɓoyewa ɗaki da littahin soyayya! A littahan nan yarinya takan suma, wani kyakkyawa ya tare ta. Na duba, ba wani kyakkyawa sai jakin maƙwabcinmu Baba Sulaiman.

Da na so, sai in ce dalmar kaɗan ce, ba mai ganewa. Na karanta yadda take: dalma ta wuce ƙima a ƙasa da ganye. Na ƙara da abin da ba a rubuta ba, na ce kwando bakwai muka aika Keita. Muryata ba ta yi rawa ba, Yaya, wallahi.

Baba ya ɗauki kwasa ya tumɓuke salatin duka, saura kwana uku a kai kasuwa. Sabuwar garka za mu yi can sama, da kashin awaki.

Ki shirya ran Litinin. Zai taho da kanshi ya kai ki likita a auna jininki. Ya hwaɗa wa Inna wai iri zai saya a Keita. Ki bar shi a kan haka.

Taki har kullum,
Biba