Ƙafar Rabi da Mai Ɗori

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya zafin Sakkwato? Mu nan Makera alhamdu lillahi. Gari ana ta murnar saukar soja, ni ƙafar 'yata Rabi ta hana ni sakat.

Ta sake gocewa a hanyar Islamiyya, ba ko tuntuɓe. Na kai ta asibiti, likita ya lanƙwasa mata babban yatsa har ya taɓo tsintsiyar hannu, irin wasan da kake mana muna yara. Ashe gado ne. Ya ce sinadarin da ke riƙe gaɓoɓi, wai kolajin, shi ne ba ƙarfi. A nemo takalmi mai kama ƙafa, kuma kada a ƙara bari mai ɗori ya ja ƙafar.

Na gaya wa maigidana Malam, sai ya ce, "Likita ya fi mai ɗori sanin targaɗe ne?" Bayan Sallah zai mayar da ita a ja.

Ni ban iya ɗaga masa murya ba, amma kai yana jin maganarka. Don Allah ka zo kafin nan, ka lanƙwasa masa yatsan nan naka ya gani.

A gaida Inna, a sa Rabi a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza